Daga Gindin Giginya Zuwa Fadar Mulki: Abin da Ake Ɓoyewa a Tarihin Al'ummar Nadar

Gabatarwa

A can kudancin ƙasar Indiya, inda jihar Tamil Nadu take tsukewa har ta faɗa teku, akwai wata al'umma da ake kira Nadar. Shekara ɗari biyu da suka wuce, ɗan wannan al'umma da ke zaune a masarautar Travancore ba shi da ikon sa takalmi ko riƙe laima, matarsa kuwa an haramta mata rufe ƙirjinta a bainar jama'a. A yau, cikin attajiran da suka fi kowa dukiya a Indiya akwai Shiv Nadar, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na HCL. Haka kuma K. Kamaraj, mutumin da ya tsaya aka naɗa firaministocin Indiya biyu a jere, ɗan wannan al'umma ne. Wannan tazara mai ban mamaki ta sa labarinsu ya zama hujja a bakin mutane iri biyu, kuma da dukkansu nake da ja a wannan maƙala.

Na farko su ne masu huɗubar ƙoƙarin kai, waɗanda suke ɗaga hoton attajiri guda su ce ga shaida nan cewa asali ba ya hana kowa komai, wanda duk ya zauna a ƙasa lalacinsa ne ya zaunar da shi. Na biyu su ne wasu daga cikin manyan Nadar ɗin kansu, waɗanda da suka sami wuri sai suka fara jin kunyar hanyar da suka biyo, har suna neman a goge ta daga littattafan makaranta. Matsayina shi ne, duka ɓangarorin biyu suna yi wa tarihi ƙarya. Nadar sun tashi ne da haɗin kai da asusun gayya da shari'a da jinin da aka zubar, kuma babban tabon da ke cikin nasararsu shi ne lokacin da suka zaɓi su hau tsanin zalunci maimakon su nemi a karya shi.

Sunan da Aka Saya da Tsada

Mai binciken wannan suna yakan ci karo da wasu masu kama da shi waɗanda babu abin da ya haɗa su da Tamil Nadu. Akwai Nadar na Faransa, shahararren mai ɗaukar hoto wanda ainihin sunansa Gaspard-Félix Tournachon, wanda a 1858 ya hau balan-balan ya ɗauki hoton ƙasa daga sama. Akwai Ralph Nader na Amurka, lauya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, ɗan asalin Lebanon. Akwai kuma Nadir Shah, sarkin Farisa da ya washe birnin Delhi a 1739. Na ambace su ne don a ga wani bambanci. Bafaranshen nan laƙabi ne kawai ya ɗauka tun yana saurayi, bai nemi izinin kowa ba. Mutanen Tamil Nadu kuwa sai da suka shafe shekaru suna kai kuka kafin gwamnatin Madras ta amince a 1921 a riƙa rubuta su da sunan Nadar a takardun hukuma. Kafin nan Shanar ake kiransu, sunan da ya zama zagi a bakin waɗanda suke ganin sun fi su. Kalmar Nadan kuwa tana nufin mai ƙasa, kuma da can laƙabin 'yan tsirarun masu gonaki ne a cikinsu. Al'ummar da sai ta yi fafutuka kafin a kira ta da sunan da take so, ba za a ce da ita hanya a buɗe take tun farko ba.

A Gindin Giginya

Domin a fahimci inda suka fito, dole a san tsarin da Indiyawa suke kira jati, wato rarraba mutane rukuni-rukuni bisa haihuwa, inda kowane rukuni yake da sana'arsa ta gado da matsayinsa, kuma aure ba ya ƙetare iyakarsa. A yankunan Tirunelveli da Thoothukudi da Kanyakumari, sana'ar yawancin Shanar ita ce hawan giginya. Giginyar tasu 'yar'uwar tamu ce ta nan ƙasar Hausa, doguwa santala, mai jure fari, tana fitowa a jan rairayin da babu abin da yake yi sai ita. Mai hawa yakan hau itatuwa masu yawa safe da yamma, ya yanki kan hudar, ya rataya tukunya ruwan ya riƙa ɗiga. Idan an shafa farar ƙasa a cikin tukunyar, ruwan ba ya tsami, sai mata su dafa shi ya zama mazarƙwaila. Idan aka bar shi ya yi tsami, ya zama bammi. Wannan bammin shi aka riƙe hujja aka ce su ƙazamai ne, alhali mazarƙwailar da hannunsu ya dafa tana shiga gidajen masu ƙyamar tasu. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, kuma haka abin ya kasance: mai hawa yana karya ƙafa da baya, riba tana tafiya wurin mai gona da mai karɓar haraji.

Matsayinsu yana tsakanin rukunan da ake ɗauka masu tsarki da waɗanda ake ƙyamar taɓawa ɗungum. Ba a barinsu shiga wuraren bautar manyan rukunai, ba sa ɗiban ruwa a rijiyoyinsu. A Travancore abin ya fi muni, domin an ƙayyade wa Shanar ya tsaya taku 36 daga Brahmin ɗan rukunin Nambudiri, taku 12 daga ɗan rukunin Nair. An hana su gina bene da sa zinariya. Ina son masu huɗubar ƙoƙarin kai su dubi wannan jeri da kyau. Mutumin da yake hawan dogayen itatuwa sau biyu a yini ba malalaci ba ne. Ƙarni bayan ƙarni kakannin Nadar suna aikin da ya fi na kowa wuya, amma ƙoƙarin nasu bai ɗaga su ko taku ɗaya ba, saboda doka da al'ada sun riga sun yanke inda amfanin guminsu zai tafi.

Yaƙin Mayafi

Farkon tsagewar bangon ta zo ne ta hannun mata. A al'adar Travancore, barin ƙirji a buɗe alama ce ta ladabi ga na sama, don haka matan ƙananan rukunai ba su da damar yafa komai. Tun daga 1806 'yan mishan na ƙungiyar London Missionary Society suka fara aiki a kudancin masarautar, Shanar da yawa suka karɓi Kiristanci, suka shiga makarantu. A 1813 Kanar John Munro, Razdan na Ingila wanda kuma yake riƙe da muƙamin wazirin masarautar, ya ba da umarnin a bar matan da suka zama Kiristoci su rufe jikinsu. Da manyan fada suka yi ƙorafi, sai aka taƙaita izinin ga wata taguwa, aka hana su mayafi irin na matan Nair. Matan ba su yarda ba, suka ci gaba da yafawa. A 1822, sannan a 1828 zuwa 1829, aka riƙa tare su a kasuwanni ana yage musu tufa, ana ƙone makarantu da majami'u, fadar kuma ta fito a 1829 ta goyi bayan masu yagewar.

Shekara talatin bayan haka wutar ta sake tashi. Sanarwar Sarauniya Victoria ta 1858, wadda ta yi alkawarin cewa Turawa ba za su tsoma baki cikin addinin mutane ba, manyan rukunai sun fassara ta da cewa an mayar musu da ikonsu na da. A wannan karon matan Nadar mabiya addinin Hindu sun tsaya tare da 'yan'uwansu Kiristoci. Sai da Gwamnan Madras, Charles Trevelyan, ya matsa lamba, sannan a ranar 26 ga Yuli, 1859, sarkin Travancore ya ba da sanarwar cewa matan Nadar suna iya rufe ƙirjinsu, da sharaɗin kada su yi shiga irin ta matan manyan rukunai. Shekara 46 ke nan ana fafatawa a kan ƙyalle guda.

Wani zai ce ai wannan aikin Turawa ne, su Nadar 'yan amshin shata ne kawai. Wannan magana ba ta tsaya ba. Bature ya rubuta takarda, gaskiya ne, amma ba matarsa aka tsiraita a kasuwa ba. Kuma a daidai wannan zamani, daga cikin Nadar ɗin kansu, aka sami Ayya Vaikundar, wanda ya rasu a 1851. Ba shi da alaƙa da mishan, amma ya haƙa rijiya a Swamithoppu wadda kowa yake sha, ya tara mutanen rukunai dabam-dabam suna cin abinci tare, ya umarci mabiyansa su naɗa rawani a lokacin da naɗin yake haramun a kansu. Neman mutunci ya riga ya tsiro a cikin gida, taimakon waje ruwa kawai ya zuba masa.

Asusun Gayya

Ga ɓangaren da masu huɗubar ƙoƙarin kai ba sa son ambata. A ƙarni na 19, da hanyoyi suka samu kuma cinikin auduga ya buɗe, wasu Nadar suka ɗora mazarƙwaila da busasshen kifi da gishiri a amalanken shanu suka nufi arewa fatauci. Saboda 'yan fashi da ƙiyayyar mutanen gari, suka riƙa gina zango mai katanga, wanda suke kira pettai, inda fatakensu suke sauka da shanunsu. Sannu a hankali suka zauna a garuruwa shida da suka zama cibiyarsu: Sivakasi, Virudhunagar, Tirumangalam, Sattankudi, Palayampatti da Aruppukottai. A kowane gari suka kafa majalisar dangi mai suna uravinmurai, kowane ɗan kasuwa kuma yana zuba wani kaso na cinikinsa cikin asusu guda da ake kira mahimai. Da wannan kuɗi aka haƙa rijiyoyi, tunda an hana su na wasu. Da shi aka ɗauki masu gadi, aka biya lauyoyi, aka tallafa wa wanda jarinsa ya karye, aka gina makarantu irin Kshatriya Vidhyasala ta Virudhunagar a ƙarshen ƙarnin.

A 1910 suka haɗa waɗannan majalisu ƙarƙashin inuwa ɗaya, Nadar Mahajana Sangam, wadda T. Rattinasami Nadar ya kira taronta na farko a Porayar. Ƙungiyar ta riƙa ba ɗalibai tallafin karatu, tana sasanta rigingimu, tana kai kukan al'umma gaban hukuma. A 1921 suka buɗe bankinsu a Thoothukudi da sunan Nadar Bank, wanda a 1962 ya koma Tamilnad Mercantile Bank, kuma har yau yana aiki. Baturen Amurka Robert Hardgrave, wanda ya wallafa littafi a kansu a 1969, a kan wannan tsari na haɗin kai ya gina bayaninsa. Ko a yau, shagunan kayan masarufi da suka cika unguwannin Chennai, waɗanda ake kiran masu su annachi, wato yaya, da yawansu na Nadar ne, kuma yaron da ya zo daga ƙauye yakan yi wa ɗan'uwansa aiki shekaru kafin a buɗe masa nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ba da labarin Nadar ya tsallake mahimai, tamkar wanda ya yabi tsayin gini ne ya ƙi maganar harsashinsa.

Ƙofar Haikali da Rigar Aro

Dukiya ta zo, amma ƙofar wurin bauta tana rufe. A 1874 wasu Nadar suka nemi shiga babban haikalin Meenakshi na Madurai, aka kore su, kotu ma ta ƙi su. A 1897 wasu suka shiga haikalin Kamudi, sarkin Ramnad ya kai su ƙara. Shari'ar ta bi matakai har zuwa majalisar ɗaukaka ƙara ta Sarkin Ingila a Landan, wadda a 1908 ta tabbatar da hukuncin cewa ba su da haƙƙin shiga, kuma sai sun biya rupi 500 na tsarkake wurin. A tsakanin nan, ranar 6 ga Yuni, 1899, dubban mutane, galibinsu 'yan rukunin Maravar, suka auka wa Sivakasi. An kashe mutum sama da ashirin, an ƙone ɗaruruwan gidaje. Mutanen garin attajirai ne a lokacin, kuma arzikin nasu shi ya ƙara hura wutar hassada. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa kuɗi yana wanke asali.

Amma a nan ne kuma nake da ja da shugabannin Nadar na wancan zamani. Da suka tsaya gaban alƙali, hujjarsu ba ita ce kowane ɗan Adam yana da haƙƙin shiga ba. Cewa suka yi su Kshatriya ne, jinin sarauta da mayaƙa, zuriyar sarakunan Pandya waɗanda aka ƙwace wa mulki aka tilasta musu hawan giginya. Suka rataya zaren nan da manyan rukunai suke sawa a kafaɗa, suka nemo Brahmin su yi musu hidimar ibada, suka wallafa ƙasidu da littattafai masu yawa don tabbatar da wannan salsala. Littafin da ɗan mishan Robert Caldwell ya rubuta a 1849, The Tinnevelly Shanars, ya zama abin tsinuwa a wurinsu. Littafin yana da raini irin na Turawan zamanin, babu shakka, amma wani ɓangare na fushin saboda ya bayyana su a matsayin masu hawan giginya ne. 'Yan kasuwan garuruwa shida har gudun auratayya suke yi da 'yan'uwansu masu hawa.

Masu kare wannan mataki suna cewa dabara ce ta dole, domin a kotun da take hukunci da al'ada babu wata hujja da za a saurara. Na ji, amma a duba sakamakon. Dabarar ta faɗi a kowace kotu, daga Madurai har Landan. Abin da ta bari shi ne amincewa da tushen zaluncin, domin wanda ya ce a bar ni in shiga saboda ni jinin sarki ne, ya riga ya yarda cewa wanda ba jinin sarki ba a bar shi a waje. Dakta B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya bayyana cewa ƙarfin wannan tsari yana cikin yadda aka jera rashin daidaiton hawa-hawa, kowane rukuni yana da na ƙasa da shi da zai raina, don haka waɗanda ake zalunta ba sa haɗa kai. Rigar Kshatriya da Nadar suka ara misali ce ta wannan tarko. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Waɗanda Suka Ga Hanya

Abin da ya ceci al'ummar daga wannan ɓata shi ne wasu 'ya'yanta da suka juya akala. W. P. A. Soundarapandian, Nadar na farko da ya shiga majalisar dokokin Madras a 1920, ya rungumi tafiyar Mutunta Kai ta Periyar E. V. Ramasamy. Ya kira mutanensa su cire zaren aro, su daina kiran Brahmin ɗaurin aure, su zauna cin abinci da Dalit, wato waɗanda ake ƙyamar taɓawa. Kuma ƙofar da shari'ar salsala ta kasa buɗewa, haɗin gwiwa ya buɗe ta. A 1936 Travancore ta buɗe haikalanta ga dukkan mabiya Hindu. A ranar 8 ga Yuli, 1939, A. Vaidyanatha Iyer ya shiga haikalin Meenakshi tare da Dalit biyar da Nadar guda. Shekara 65 bayan korar farko, Nadar ya shiga wannan wuri kafaɗa da kafaɗa da mutanen da kakanninsa suka yi ta rantsuwa cewa sun fi su. A 1950 sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta ƙyamar taɓawa a duk faɗin ƙasar.

Sai Kamaraj. An haife shi a Virudhunagar a 1903, mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya bar makaranta bai kai ko'ina ba. Ya shiga jam'iyyar Congress, ya kwashe kusan shekara takwas jimilla a kurkukun Turawa. A 1953 babban ministan Madras, C. Rajagopalachari, ya kawo tsarin da yara za su yi rabin yini a aji, sauran rabin su koyi sana'ar iyayensu. Masu adawa suka kira shi karatun gado, domin ma'anarsa ɗan mai hawan giginya ya koma giginya. Da Kamaraj ya karɓi mulki a 1954 ya soke tsarin, ya sake buɗe dubban makarantun da aka rufe, ya gina sababbi a ƙauyuka, ya kawo ciyar da yara abincin rana a makaranta don yunwa kada ta hana ɗan talaka zama a aji. Ya naɗa B. Parameswaran, Dalit, ministan da ke kula da wuraren bautar Hindu. Ya yi mulki har 1963, ya zama shugaban Congress, ya tsaya aka zaɓi Lal Bahadur Shastri a 1964 da Indira Gandhi a 1966. Da can Kamaraj Nadar ake kiransa, daga baya ya zama Kamaraj kawai. Ya rasu a 1975 bai bar dukiya ba. A ganina shi ne mafi girman abin da wannan al'umma ta haifa, saboda abin da mahimai ya yi wa dangi ɗaya, shi ya sa baitulmali ya yi wa 'ya'yan kowa.

Attajirin da Ake Ɗaga Hotonsa

Yanzu mu koma kan Shiv Nadar. Babu mai musun basirarsa. An haife shi a 1945 a gundumar Thoothukudi, ya karanta injiniya a Coimbatore, a 1976 shi da wasu abokan aikinsa suka kafa HCL. Ya zuba dukiya mai yawa a harkar ilimi, daga kwalejin injiniya ta SSN a Chennai zuwa makarantun VidyaGyan na 'ya'yan talakawan karkara a Uttar Pradesh, kuma a 2020 'yarsa Roshni Nadar Malhotra ta karɓi shugabancin kamfanin. Amma a tambaya, daga wane gida ya fito? Kawunsa shi ne S. P. Adithanar, lauyan da ya yi karatu a Ingila, wanda ya kafa jaridar Dina Thanthi a 1942. Lokacin da aka haife shi, al'ummarsa ta riga ta mallaki makarantu da banki da ƙungiya mai shekara 35. Ya yi gudu ƙwarai, amma a kan hanyar da matan 1859 da mamatan Sivakasi suka share.

Kuma nasarar ba ta game kowa ba. Har yau Nadar suna cikin jerin rukunan da hukuma ta amince an bar su a baya, suna cin gajiyar kason guraben karatu da aiki, wanda a Tamil Nadu ya kai kashi 69 cikin ɗari idan an haɗa na dukkan rukunan da ake ware wa. Jikokin waɗanda suka rantse cewa su jinin sarakuna ne, su ne suka nemi a sa su cikin wannan jeri, kuma sun yi daidai, domin a ƙauyukan jan rairayi akwai masu hawan giginya cikin talauci har gobe. A Sivakasi kuwa, inda P. Ayya Nadar da A. Shanmuga Nadar suka kafa sana'ar ashana bayan sun koyo ta a Kalkata a farkon shekarun 1920, masana'antun ashana da na kayan wasan wuta sun daɗe suna ɗaukar ƙananan yara aiki, har Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci a kai a 1996. Wanda aka danne jiya yana iya danne wani yau, idan abin da ya koya daga wahalarsa bai wuce yadda zai tsira shi kaɗai ba.

Masu Goge Allo

A ƙarshen 2016 hukumar jarrabawar sakandare ta ƙasa, CBSE, ta cire sashen da ke bayanin yaƙin mayafi daga manhajar aji tara, bayan ƙorafin 'yan siyasar Tamil Nadu da ƙungiyoyin Nadar cewa an wulaƙanta al'ummar. A 2019 aka cire babin gaba ɗaya daga littafin. Idan akwai kuskure a wata jimla, gyara ya kamata a nema. Amma sharewa ta amfani jikokin masu yage mayafi fiye da kowa, domin laifin kakanninsu ne aka binne. Matan da suka tsaya a kasuwa aka yage musu tufa, suka koma gida suka ɗinka wata suka sake fitowa, babu abin kunya a tarihinsu. Yarinyar Nadar da take shiga jami'a a yau tana da haƙƙin sanin wanda ya biya kuɗin rigar da ke jikinta.

Abin da Ya Shafe Mu

Ban ce ƙasar Hausa Indiya ce ba. A wurinmu ba a auna taku tsakanin mutum da mutum, ba a hana kowa sahu a wurin ibada. Amma mai karatu ya san abin da yake faruwa idan ɗan mahauci ko ɗan wanzami ko ɗan makaɗi ya je neman aure a wasu gidaje, ko da yana riƙe da digiri biyu. Ya kuma san yadda wanda ya sami wuri a cikinsu yakan ɓoye sana'ar gidansu, wani har ya nemo wa kansa salsalar sarauta. Wannan ita ce rigar Kshatriya da irin namu ɗinkin. Ni da tsararrakina da muka fito daga jami'a kwanan nan, an cika mana kunne da cewa kowa ya tashi ya nemi na kansa, ana kawo mana sunayen attajirai na gida da na waje. Ba a taɓa gaya mana wace makaranta ce ta ɗauke su ba, wane dangi ya ba su jari, wace doka ta buɗe musu ƙofa. Huɗuba ce mai daɗi ga mai mulki, domin tana sauke masa nauyi ta ɗora a kan wanda aka bari a baya.

Kammalawa

Tarihin Nadar ya nuna abu uku a jere. Aiki tuƙuru na ƙarnoni bai ɗaga su ba sai da suka tara kuɗi wuri ɗaya suka gina makaranta da banki. Dukiyar da suka tara ba ta buɗe musu ƙofar haikali ba, salsalar da suka ara ma ta faɗi a kotu, sai da suka haɗa kai da na ƙasa da su doka ta canza. Kuma ɗansu da ya fi amfanar jama'a shi ne wanda ya ajiye sunan dangi ya ciyar da 'ya'yan kowa. Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimi na Indiya su mayar da babin yaƙin mayafi cikin littafin aji tara, ga ƙungiyoyin Nadar kuma su kasance na gaba wajen neman hakan. Mu kuwa matasa, duk wanda ya sake ɗaga mana hoton Shiv Nadar ya ce ga abin koyi, mu tambaye shi labarin mahimai, da na Sivakasi a 1899, da na abincin ranar Kamaraj, sannan mu tambaye shi wanne daga ciki yake shirye ya gina mana a nan.